Taga Goma, Ido Biyu

Idan aka tara duk aikin da ake yi a shagunan kwamfuta na ƙasar Gumel, daga cikin garin Gumel har Maigatari da Sule Tankarkar da nan Gagarawa, za a tarar mafi yawansa kwafa ne. A ɗauko lamba daga wannan takarda a zuba ta a wancan fom: lambar NIN mai alƙaluma 11, ta BVN ita ma 11, lambar asusun banki mai 10, ranar haihuwa, sunan mahaifi, lambar jarrabawar NECO. Wannan ya zo neman aikin ɗan sanda, waccan ta zo cike bashin karatu na NELFUND, ga sakataren ƙungiyar manoman riɗi da jerin sunaye yana so a buga masa kafin a rufe karɓa. Takardar da za a kwafa kuwa yanzu ba kasafai take zuwa a hannu ba, hotonta ake turowa ta WhatsApp. Ke nan abin kwafar yana cikin kwamfuta, wurin zubawar ma yana cikinta, fuskar kwamfutar kuma guda ɗaya ce, inci 14.

Ka tsaya a bayan yaron shago ka ga yadda yake yi. Zai buɗe hoton takardar NIN, hoton ya cika fuska baki ɗaya. Ya karanta alƙaluma huɗu, leɓensa na motsi don kada su zube, ya ja maus zuwa layin ƙasa, ya lalubo tagar fom cikin tagogin da ke jere, ya danna, ya rubuta huɗun, ya koma. Mai takarda na zaune a benci, hularsa a gwiwa, yana cewa, "Malam, a dai duba da kyau, wancan karon haka aka juya mini shekarar haihuwa." Tsakanin komawa ta biyu da ta uku wani ya leƙo yana tambayar kuɗin fotokofi, yaro ya manta inda ya tsaya, ya faro. Idan an yi sa'a lokaci kaɗai aka ɓata. Idan ba a yi ba, 7 ta koma 1, kuma mai takarda ba zai sani ba sai ranar tantancewa, lokacin da gyara ya zama rantsuwar kotu da kuɗin mota zuwa Dutse.

Yaron nan ba rago ba ne. Yadda aka koya masa yake yi. A darasin farko an nuna masa maɓallai uku a kusurwar dama ta sama, na ɓoyewa, na cika fuska, na rufewa, aka wuce zuwa Word da Excel. Ba wanda ya gaya masa cewa yadda tagogi ke hawa kan juna shawara ce da wasu mutane suka yanke a Kalifoniya bayan doguwar gardama, kuma waɗanda aka kayar a gardamar hujjarsu ta fi dacewa da aikinsa. Tsarin da muka gada an yi shi ne domin mutum ɗaya mai kwamfutarsa shi kaɗai, mai wutar da ba ta yankewa. Mu ba haka muke ba, don haka ban ga dalilin da zai sa mu ci gaba da karɓarsa kamar ƙaddara ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɓangare na manhaja da ba shi da aiki sai rabon fili. Shi ke yanke inda sabuwar taga za ta fito, da girmanta, da wadda ke sama da wadda ke ƙasa, da kuma wace taga ce za ta karɓi harafin da ka danna. Shi ne mai tsara tagogi. A Windows da kwamfutocin Apple an ɗinke shi a jikin babbar manhajar har ba a lura da shi. A Linux kuwa ana iya cire shi a sa wani.

Kafin zuwansa, mai aiki da kwamfuta abu ɗaya yake gani a lokaci ɗaya. Babbar kwamfuta na can wani ɗaki mai sanyi, shi kuma yana gaban wata na'ura da ba ta da komai sai allo da kibod, an haɗa su da waya. Wadda ta fi shahara cikinsu, VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978, layi 24 take nunawa, kowane layi harafi 80. Haruffa 1,920 ke nan, iyakar abin da idonka zai gani. Amma tun ranar 9 ga Disamba 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana a San Faransisko cewa ana iya raba fuska ɗaya gida-gida, kowane gida da abin da yake nunawa, a riƙa nuni da wata 'yar na'ura mai wutsiya, kakar maus ɗin da ke hannunmu. Tagogin Engelbart ba sa hawa kan juna.

Hawa kan juna ya samo asali ne a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto. A 1973 suka ƙera kwamfutar Alto, mai fuska a tsaye kamar takardar wasiƙa, ɗigo 606 a faɗi, 808 a tsayi. Alan Kay da tawagarsa masu manhajar Smalltalk suka ce filin ya yi kaɗan, don haka a ɗauke shi tamkar teburin ofis, tagogi su zama takardu, wadda kake aiki da ita ka jawo ta sama, sauran su leƙo ta ƙarƙashi. Abin ya ƙayatar ƙwarai. Sai dai a cikin ginin nan akwai waɗanda ba su yarda ba. Masu manhajar Cedar suna ganin bai kamata mutum ya ƙare yana jan takardu yana gyara musu zama ba. A bar na'ura ta raba filin da kanta, kowace taga ta samu rabonta, ba mai danne wata. Kwamfutar Star da Xerox ya kai kasuwa a 1981 ra'ayin jerawa ta bi a manyan tagoginta.

Kasuwa ce ta raba gardamar. Steve Jobs ya ziyarci cibiyar a Disamban 1979, ya ga Smalltalk, ya koma Apple da abin a ransa. Injiniyansa Bill Atkinson ya duƙufa har ya gano yadda taga za ta ci gaba da zana abin da ke cikinta alhali wata ta rufe rabinta. Lisa ta fito a 1983, Macintosh a 1984, duka da tagogi masu hawa kan juna. Shi kansa Windows na farko, wanda Microsoft ya fitar a Nuwamban 1985, jera tagogi yake yi gefe da gefe. Sai a Windows 2.0 na 1987 ya koma ɗora su, Apple kuwa ya maka Microsoft kotu a Maris ɗin 1988 cewa an kwaikwaye shi, shari'ar da Apple ya sha kaye a cikinta a 1994. Mu da muka shigo daga baya muka tarar da abin a haka, muka ɗauka da shi aka halicci kwamfuta.

Da an saurari masu gwaji, da labarin ya ɗan bambanta. A 1986 wasu masu bincike biyu, Sara Bly da Jarrett Rosenberg, sun zaunar da mutane suka ba su aikin haɗa bayanai daga tagogi daban-daban, wasu da tsarin jerawa, wasu da na ɗorawa, suna auna lokaci. Inda abin da ake nema ya shiga rabon tagar daidai, masu jerawa sun fi sauri. Inda bayanin yake a warwatse, ɗorawa ta yi rana, amma ƙwararru ne suka ci ribarta. Waɗanda hannunsu bai faɗa ba lokacinsu ya tafi wajen ja da miƙarwa da lalube. Kwafar lamba 11 daga hoto zuwa fom a rukunin farko take, ba tantama. Mai kayan koli a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san wannan ba tare da wani bincike ba. Tabarmarsa ƙarama ce, amma abin da yake so mai saye ya gani ya kwatanta, jera shi yake yi gefe da gefe, wanda ba a nema yanzu kuma yana cikin buhu a bayansa. Ba ya tara su tsibi a tsakiya ya riƙa tono duk sanda aka tambaya.

Masu ra'ayin jerawa ba su saduda ba. A duniyar Linux an samu Ion na Tuomo Valkonen a 2000, dwm a 2006, i3 na Michael Stapelberg a 2009, duka da aƙida guda: tagogi su raba fuska ba mai hawa kan wata, kuma da kibod kake zirga-zirga tsakaninsu, ba sai ka taɓa maus ba. Shi ma Microsoft, bayan shekara 24, ya dawo da abin da ya fara da shi a Windows 7 na 2009. Ka danne maɓallin da ke da tambarin Windows ka buga kibiyar hagu, taga ta manne a rabin hagu. Ka ɗauko ɗayar ka buga kibiyar dama, ta kama rabin dama. Ga hoto, ga fom, ido ne kawai ke tafiya. Windows 11 ya faɗaɗa abin a 2021, Apple ma ya bi sahu a 2024. Wato rabin maganin wahalar yaron shago ya fi shekara 15 da shigowa, yana nan kwance cikin kwamfutar da ke gabansa, amma darasin farko har yau maɓallai ukun nan ne.

Na ce rabin magani, don na san abin da gogaggen mai shago zai ce: "Yallaɓai, gwada ka gani." Kuma yana da gaskiya. Yawancin laftof na hannu da ake sarowa daga Kano fuskarsu ɗigo 1366 ce a faɗi, 768 a tsayi. A tsayi ba ta ma kai Alto ta 1973 ba. Ka raba faɗin biyu, kowace taga ta tashi da 683. Shafin da aka gina da hankali zai tattare kansa ya shiga. Amma shafukan hukumominmu da makarantunmu da yawa a kan ƙatuwar fuskar ofishin ɗan kwangila aka gina su. Sama tambari, ƙarƙashinsa hoton shugaban hukuma yana murmushi, sai wani rubutu mai gudu yana yi maka maraba, fom ɗin da ka zo dominsa yana can ƙasa. Ka matse shi zuwa rabi, akwatin ranar haihuwa ya hau kan na jiha, maɓallin turawa ya gudu dama inda ba a ganinsa. Dole yaro ya sake cika fuska ya koma haddar alƙaluma huɗu-huɗu. Laifin nan na wanda ya karɓi shafin ne ya biya kuɗi bai gwada shi a irin na'urar da talakawa ke buɗe shi da ita ba.

Sai batun wa zai karɓi harafi. Kibod ɗaya ne, tagogi goma. Masu amfani da tsarin tagogi na X, wanda aka fara a jami'ar MIT a 1984, sun daɗe suna jayayya a kai: wasu suka ce tagar da kibiyar maus ke kanta ita ke da iko, wasu suka ce sai wadda aka danna. Ra'ayi na biyun Windows ya ɗauka. Inda gizo ke saƙar shi ne tagar da ke faɗowa ba sallama. Masu buga rubutu da yawa a wurinmu idonsu a kan kibod yake. Mutum na cikin buga lamba sai sanarwar sabunta wata manhaja ta fito ta ƙwace kibod ɗin, alƙaluma biyar sun shiga fom, shida sun bi iska. Mafi muni ya buga Enter da nufin tura fom, ashe amsa ya ba tambayar da bai karanta ba, kwamfuta ta fara sauke kaya da datar da aka saya don aikin mutane. A ganina ƙa'idar a fili take: muddin yatsun mutum na kan kibod, babu tagar da ke da hurumin shan gabansa. Ta jira a gefe tana ƙyafta ido har ya ɗago.

Babban al'amarin dai wuta ce. Duk waɗanda na ambata, daga Kay har Atkinson, a ɗakunan da ba a ɗauke wuta suka yi tunaninsu. Wanda ya kamanta fuskar kwamfuta da tebur ya ɗauka ne cewa idan ka tashi ka dawo za ka tarar da takardunka inda ka bar su. A nan kuwa batirin laftof ya daɗe da mutuwa, da caja take rayuwa. Ana ɗauke wuta ko janareta ya yi tari, fuska ta yi baƙi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba mai barin janareta yana shan mai a banza, sai mutane sun taru ake tayarwa, a kashe da zarar an sallame su. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, jihohinmu sun fi mako guda a duhu. Masu hali sun koma sola, amma ƙaramar inbata ma takan fara kuka tun kafin magariba idan hazo ya sauka. Kowace mutuwa da farfaɗowa na nufin a sake buɗe Chrome, a sake shiga WhatsApp, a nemo hoton, a buɗe Word, a mayar da kowa mazauninsa.

Masu tsohon allon nan mai layi 24 sun riga mu shiga irin wannan hali, sun kuma yi masa magani. Su layin da ke haɗa su da babbar kwamfuta ne ke yanke musu. A 1987 Oliver Laumann da Carsten Bormann, a jami'ar fasaha ta Berlin, suka fitar da wata manhaja mai suna Screen, wadda ke ba ka tagogi da yawa a kan allon rubutu zalla. Daga baya aka ƙara mata abin da ya sa har yau ake amfani da ita, da ita da ƙanwarta tmux da Nicholas Marriott ya fitar a 2007: ta raba aiki da kallon aiki. Tagoginka na zaune can a babbar kwamfuta, allon gabanka leƙe kawai yake yi. Layi ya yanke, aiki na ci gaba. Ka sake haɗawa, ko daga wata na'urar dabam, ka buga umarni ɗaya, komai ya dawo yadda ka bar shi, har inda ka tsaya a tsakiyar kalma. Gaskiya ne idan ita babbar kwamfutar ce ta mutu, Screen ba ta da ta cewa. Tunanin ne abin ɗauka: a sa a rai yankewa za ta zo, a yi gini a kan haka. Mai tsara tagogin da aka yi domin Gagarawa zai riƙa rubuta wa kansa, duk bayan 'yan sakan, wace taga ke buɗe, a ina, da me a ciki. Shafin hukumar da aka yi dominmu zai adana kowane akwati da aka cike tun kafin a kai ƙarshe, don kada mai neman aiki ya zauna sau biyu saboda mai ya ƙare a janareta.

Wani abin da masu teburin ofis ba su hango ba shi ne kwamfuta ɗaya, mutum biyar. A shagonmu shafin wannan ya tsaya yana juyi saboda sabis, sai a ce ya ɗan jira, a fara buga wa na biyu takardar cinikin gona, na uku a rage masa girman fasfo. Tagogin mutum uku sun cakuɗe a layi ɗaya. Haka ake ɗora hoton wani a fom ɗin wani. Haka kuma takardar NIN ta matar aure, da hotonta da lambarta da adireshinta, ke zama a buɗe gaban duk wanda ya leƙo, a ƙasar da ta yi dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023. A 1986 Austin Henderson da Stuart Card, su ma a Palo Alto, sun lura cewa mutum rukuni-rukuni yake amfani da tagoginsa gwargwadon aikin da ke gabansa, kuma idan fili ya yi masa kaɗan buɗewa da rufewa kan cinye lokacin aikin. Suka raba masa fuskar ɗaki-ɗaki, kowane aiki da ɗakinsa. Wannan ma yana cikin Windows tun 2015. Maɓallin Windows da Ctrl da D ke buɗe sabon ɗaki. Kowane mai takarda a ba shi nasa. Sai dai kada a ruɗi kai, daga ido kawai ɗakin ke ɓoyewa. Ka rufe shi, tagogin su koma maƙwabcin ɗaki, hotunan kuma suna nan jibge inda ake sauke fayil. Wanda shago ke buƙata shi ne ɗakin da in an rufe shi zai share duk abin da aka shigo da shi, wannan kuwa sai an zauna an rubuta.

Kada a ɗauka ina cewa yawan tagogi a gaban ido shi ne ci gaba. Kwamfuta ce ke iya aiki goma a tare. Mutum tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan, kowane tsalle da abin da yake zubarwa. Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna wannan: a 2004 ma'aikaci kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya sauya, a 'yan shekarun baya abin ya sauko zuwa sakan 47. Don haka hanawa ma na cikin aikin mai tsara tagogi. Biyun da ake buƙata su tsaya a gaba, sauran takwas su ɓace har a neme su.

Misali mafi kyau na hukumar da ta zauna ta yi irin wannan tunani domin mutanenta a gida yake. JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Nan da nan matsala ta fito: ɗalibin ƙauye da bai taɓa riƙe maus ba, ya san amsa, amma hannu na rawa, kibiya na yawo. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta fito da tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa, R don komawa idan an danna S bisa kuskure. Taga ɗaya, ta cika fuska, ba ja, ba matsewa, ba fita. Ko mai ƙorafi a kan hukumar zai yarda cewa a nan ta dubi wanda zai zauna a kujerar kafin ta yanke. Ɗan jarrabawa taga ɗaya ta ishe shi, kuma ita aka ba shi. Mai kwafa biyu yake so, ba wanda ya tambaye shi.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara zancen ba. Yau ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Kwalejin Ilimi a Gumel da ke yaye malaman da za su shiga azuzuwanmu. Kowace shekara ɗaliban kwamfuta a faɗin ƙasar nan na neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai, a ƙarshe a ɓuge da manhajar rajistar ɗalibai ko ta kantin magani, an sauya suna da launi. Alhali mai tsara tagogi ba dodo ba ne. Bob Scheifler da Jim Gettys, jagororin tsarin X, da gangan suka ƙi yanke wa kowa yadda tagogi za su zauna. Suka ba da kayan aiki, suka bar hukunci ga duk wanda zai rubuta. Wani mai tsara tagogi, TinyWM, layi kusan 50 ne na harshen C, ɗalibi zai karance shi tsakanin azahar da la'asar. Masu dwm sun ɗaure kansu cewa ba zai wuce layi 2,000 ba. A ce wata ɗaliba ta zauna a wani shago a Gagarawa Tasha da littafi da biro, tana ƙirga sau nawa ake sauya taga kafin a gama fom ɗaya, da inda kuskure ke shigowa, sannan ta koma ta gyara dwm ya riƙa buɗe hoto a hagu, fom a dama, ya ware ɗaki ga kowane mai takarda, ya tuna komai bayan ɗaukewar wuta. Aikin da ba a yi shi a Palo Alto ba ke nan, don su ba su da matsalar.

Lokacin ma ya dace. Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ba ya karɓar da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin da suka cika shagunanmu. Ƙaramin mai tsara tagogi a kan Linux ba ya cin ƙwaƙwalwa, ko da yake Chrome zai ci nasa ko a ina aka sa shi. Ba na cewa kowa ya goge Windows gobe. Akwai firintoci da na'urorin ɗaukar zanen yatsa da sai da shi suke aiki, kuma i3 da dwm yadda suke yanzu domin masu rubuta manhaja aka yi su, sai ka haddace maɓallai kafin ka iya ko buɗe taga. Wanda bai saba ba zai zauna gaban fuska wayam ya rasa ta inda zai fara. Wannan ma na cikin abin da ɗalibar za ta gyara.

Kafin ta gama, akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. Malamin da ke koyar da kwamfuta a Gumel ko Sule Tankarkar ya ƙara rabin sa'a a darasin farko: Alt da Tab, maɓallin Windows da kibiya, buɗe sabon ɗaki. Ya ba yara hoto da fom su kwafa ta hanyoyin biyu, su auna da agogon waya. Ita kuma duk ma'aikatar da za ta karɓi sabon shafi daga hannun ɗan kwangila, a Dutse ko a Abuja, ta sa sharaɗi ɗaya kafin biya. A kawo tsohuwar laftof mai inci 14 wadda batirinta ya mutu, a matse shafin zuwa rabin fuska, a sa ƙaramin ma'aikaci ya cike fom daga hoton da aka ɗauka da waya, idan ya kai tsakiya a zare caja. A mayar, a kunna. Idan abin da ya cike yana nan, a sa hannu a biya. Idan babu, ɗan kwangila ya koma ya gyara.